Zanzaro, Tsutsar Masara da Injin Feshi

Muna yara a Zariya, akwai zanzaron da kusan kowace damina sai ya gina ɗakinsa na laka a kusurwar zauren gidanmu, can sama kusa da azara. Mukan zauna mu zuba masa ido yana kai da komo, wani zuwan da ɗan curin laka a baki, wani zuwan kuma da koriyar tsutsa wadda ta kusa kai shi tsawo, ya cusa ta cikin ɗakin ya liƙe ƙofa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce mana zanzaro ba ya haihuwa, ɗan wani yake ɗaukowa ya rene shi har ya rikiɗe ya zama nasa. Sai da na girma na san yadda abin yake. Macen zanzaro ce ke wannan aiki, takan harbi tsutsar da dafin da zai sandarar da ita ba tare da ya kashe ta ba, ta saka ƙwanta a cikin ɗakin, ta tara tsutsotsi a gefensa, domin idan ɗanta ya ƙyanƙyashe ya tarar da ɗanyen nama yana jiransa. Tambayar da ba ta taɓa zuwa mini a wancan lokaci ba ita ce daga ina take kwaso tsutsotsin. Daga gonar bayan gida take kwaso su, daga kan ganyen wake da kuɓewa da masarar da muke jira ta nuna.

Na sake tuna wannan zanzaro ne a daminar 2017, a 'yar gonata da ke wajen Birnin Yero cikin ƙaramar hukumar Igabi, inda nake shuka masara da wake idan na samu sarari daga aikin ofis a Kaduna. A shekarar ne sabuwar tsutsar masara ta yi mana dirar mikiya. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ganinta a Afirka, Nijeriya na cikin ƙasashen farko, kafin shekara biyu kuwa ta game kusan duk ƙasashen da ke kudu da hamadar Sahara. Uwarta wani malam-buɗe-littafin dare ne mai launin toka, wanda iska kan iya kai shi tafiyar kilomita 100 a dare guda, yana saka ƙwai curi-curi a jikin ganye, kowane curi da ƙwai 100 zuwa 200, ya lulluɓe su da wani abu mai kama da auduga. Cikin kwana biyu ko uku sun ƙyanƙyashe, ƙananan tsutsotsin su kankare ganye har ya koma kamar leda, waɗanda suka rayu kuma su gangara cikin zuciyar masarar su zauna, suna ci suna tara kashi mai kama da garin katako. Wanda ya ga gonarsa a wannan hali bai san abin ba, dole hankalinsa ya tashi.

Nawa ya tashi ƙwarai. Na je kasuwa na sayi maganin feshi, mai shagon ya ce in haɗa iri biyu don ya fi ƙarfi, na kuma haɗa. Sau huɗu na sa aka fesa gonar a damina ɗaya, kowane feshi sai tsutsar ta yi kamar ta lafa, bayan kwana goma sai in tarar da ita ta dawo. Da masarar ta fara fitar da kai sai ga darɓa ta rufe ta, abin da ban taɓa fama da shi a wannan gona ba. Wata safiya ina zagayawa, raɓa ba ta bushe ba, sai na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai: babu yanar gizo-gizo ko ɗaya tsakanin karan masarar. A da, in na shiga gona da sassafe sai na yi ta share yana daga fuskata.

Maƙwabcin gonata wani dattijo ne da ya girme ni da shekaru kusan ashirin, kuma ban taɓa ganinsa goye da injin feshi a shekarar ba. Na leƙa wajensa muka gaisa, na ce, "Baba, kai ba ka yin feshi ne, ko tsutsar ba ta shigo maka ba?" Ya ce, "Ta shigo mana, Malam, wa ta bari? Amma kuɗin taki ma da ƙyar na haɗa, ina zan samu na magani?" Abin da yake yi shi ne, da sassafe ya shiga da jikokinsa, su murtsuke duk curin ƙwan da suka gani, su zuba ɗan yashi gauraye da toka a zuciyar masarar da ta kamu. Sai ya ce in biyo shi in ga masu taya shi aiki. Ya nuna mini tururuwa sun taru suna jan wata tsutsa da ta faɗo ƙasa, ya nuna mini rina ta sauka kan ganye tana yayyanka wata, ga yanar gizo ko'ina. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɓarawo yana can cikin ɗaki ya kulle ƙofa, kai kuma ka tsaya a tsakar gida kana dukan masu gadi." Ba zan ce gonarsa ta tsira lafiya lau ba, shi ma ya yi asara. Amma da kaka ta yi muka auna, abin da ya samu a eka bai gaza nawa ba, ni kuwa na fitar da kuɗin magani da na mai feshi har sau huɗu.

Maganar nan tasa ita ta sa na shiga karatu da tambayar malaman gona, na kuma gano cewa abin da ya faɗa a jimla ɗaya fage ne babba na ilimi, wato yaƙar ƙwarin gona da maƙiyansu na halitta. Kusan babu ƙwaron da ke cin shuka wanda ba shi da mai cinsa. Wasu masu farauta ne da idonmu ke gani, irin su gizo-gizo da tururuwa da rina da ƙoƙi-ƙoƙi da mazari, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ya yi kama da ɓarin wake, wanda shi kaɗai kan iya cinye ƙwarin darɓa kusan 50 a yini. Ga kwaɗi da ƙadangaru, ga balbela da shamuwa da ke bin gona suna tsintar fara da tsutsa, ga jemagu masu cin ƙwari da ke kama uwar tsutsar a sama cikin dare. Amma waɗanda suka fi yin aiki sau da yawa ba ma ganinsu, domin 'yan uwan zanzaro ne ƙanana, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu ma ba su kai kan allura ba. Su ba sa gina ɗaki. Macen takan nemi ƙwan mugun ƙwaro ko tsutsarsa ta soke shi ta saka nata ƙwan a ciki, ɗanta ya girma yana cin mai masaukinsa daga ciki, ranar da zai fito mai masaukin ya riga ya mutu. Ba sa harbin mutum, ba sa taɓa shuka, manyansu galibi ruwan zaƙin fure suke sha.

Dalilin da ya sa feshin kan-mai-uwa-da-wabi ke taimakon tsutsa maimakon ya gama da ita ba shi da wuyar fahimta idan mutum ya tsaya ya duba. Tsutsar tana ɓoye a cikin zuciyar masara, kashinta ya toshe ƙofar, maganin bai cika isa gare ta ba, su kuwa masu farautarta a fili suke yawo kan ganye, su ne farkon waɗanda maganin ke samu. Bayan feshi, uwar tsutsa takan taso daga wata gona ta saka sabon ƙwai a daren, ta tarar babu mai taɓa shi. Mai farauta kuma ba ya yawaita sai abincinsa ya yawaita, saboda haka kullum shi ne na baya wajen dawowa. Ƙari a kan haka, duk feshin da aka yi akan samu 'yan tsirarun tsutsotsin da suka jure, su ne za su hayayyafa, a hankali a wayi gari maganin da ya yi aiki bara ya zama kamar ruwa bana. Darɓar da ta rufe mini masara ma daga nan ta fito, tana nan tun da can, masu cinta ne na kashe. Ƙasar Indunusiya ta ga irin wannan a gonakin shinkafa, inda wani ƙwaro mai tsotsar ruwan kara ya riƙa ƙaruwa gwargwadon yadda ake ƙara feshi, har a 1986 gwamnati ta haramta magunguna 57 a noman shinkafa, aka koma koyar da manoma a cikin gonakinsu yadda za su bambance aboki da maƙiyi.

Babban labarin nasara a wannan fage kuwa a ƙasarmu aka fara rubuta shi, ko da yake mu 'yan Arewa ba mu cika jinsa ba saboda ya shafi rogo. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya ɓulla a yankin Kwango, ya shigo ne cikin itacen rogon da aka kawo daga Kudancin Amurka. Yana tsotse ruwan tohon rogo ya nannaɗe shi, a wasu gonaki asara ta kai kashi 80 cikin 100, ya kuma riƙa bazuwa ƙasa bayan ƙasa, alhali rogo ne abincin miliyoyin mutane. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ɗauki wani matashin masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, a 1979, shi da abokan aikinsa suka tsaya a kan tunani ɗaya: ƙwaron nan a garinsu ba a san shi da ɓarna ba, ke nan akwai abin da ke danne shi a can wanda bai biyo shi zuwa Afirka ba. An sha wahalar neman asalinsa, sai a 1981 aka gano shi a ƙasar Faraguwai, tare da wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Anagyrus lopezi da ke saka ƙwai a jikinsa. Aka kai zanzaron Ingila aka killace shi aka tabbatar ba ya ɗauke da cuta kuma ba zai koma kan wani abu ba, sannan aka sake shi a kusa da Ibadan a ƙarshen shekarar. Daga baya aka riƙa kiwonsa da yawa ana sakinsa a ƙasashe fiye da 20, wani wuri ma daga jirgin sama ake zubo shi. Cikin 'yan shekaru ƙwaron ya koma abin da ba a damu da shi ba, manomi bai sayi komai ba, da yawa ma ba su san an yi ba. An ba Herren Kyautar Abinci ta Duniya a 1995 saboda wannan aiki. Haka aka sake yi wa wani farin ƙwaron da ya addabi mangwaro a Afirka ta Yamma a shekarun 1980, da wani zanzaron da aka samo daga Indiya.

Dabarar ta girmi wannan zamani. A 1888 aka ɗauko ɗan ƙwaron nan mai kama da ɓarin wake daga Ostireliya aka kai Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya ceto gonakin lemo da wani ƙwaro ya kusa kashewa, kuma abin ya zauna lafiya har shekarun 1940 da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT, mai gadin ya mutu, ɓarnar ta dawo. Mutanen kudancin Sin kuwa tun wajen shekara ta 304 aka rubuta cewa suna sayar da sheƙar tururuwa a kasuwa don a rataya a bishiyar lemo. 'Yar uwar wannan tururuwa ita ce jar nan da ke ɗinke ganyen mangwaro ta yi gida, wadda muke ƙonawa saboda cizo, alhali bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna bishiyar da take kai ba ta cika samun ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa ba.

Ɗauko baƙon ƙwaro daga wata nahiya ba aikin manomi ba ne, ba kuma aikin gaggawa ba ne, kuma ina so in jaddada wannan domin kuskure a nan ba ya gyaruwa. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo Ostireliya don ya ci ƙwarin rake, bai ci su yadda aka zata ba, ya bazu, yana da dafi, har yau yana kashe dabbobin ƙasar da suka haɗiye shi. Shi ya sa ake shekaru ana gwaji kafin a saki komai.

Abin da ya fi kama hankalina, ya kuma fi kusa da mu, shi ne wanda 'yan uwanmu na Maraɗi suke yi, don su ba su ɗauko kowa daga waje ba, da ɗan gari suka ci gari. Manoman gero a Nijar sun daɗe suna fama da tsutsar da ke bin zangarniya tana cin furen da ƙwayar tana barin zane kamar an murɗa igiya, wadda suke kira murzuna. Feshi bai cika yi musu amfani ba, gero dogo ne, tsutsar kuma tana ɓoye, ga talauci. Akwai wani ƙaramin zanzaro a ƙasar mai suna Habrobracon hebetor da ke kashe ta, amma ba ya yawaita sai can ƙarshen damina, bayan ta gama ɓarna. Sai masana na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT, suka ce to a taimaka masa ya zo da wuri. Ana kiwonsa a ɗaki a kan tsutsar da ke cin hatsin ajiya, wadda ba ta da wuyar samu. Sai a ɗinka ƙananan jakunkuna na algarara, a zuba gero da ɗan gari a ciki, a sa tsutsotsi 25 da macen zanzaro biyu da suka riga suka sadu da namiji, a ɗaure. Idan gero ya fara fure sai a kai jaka 15 ƙauye guda, a rataye su a bishiyoyi ko jikin rumbu a gabas da yamma da kudu da arewa da tsakiya. Bayan mako guda 'ya'yan zanzaron sun fara fitowa ta ramukan jakar, su bazu cikin gonaki, su hayayyafa a kan murzunar kanta. Tun wajen 2006 ake wannan aiki, har ta kai ƙungiyoyin manoma da na mata suna kiwon zanzaron da kansu suna sayar da jakar. Babu injin da aka shigo da shi, babu lantarki, kayan aikin ba su wuce gero da buhu da kwalba ba.

Akwai wani abu a tsarin nan da ya dace a tsaya a kai. Zanzaro bai san iyakar gona ba, wanda ya sayi jaka da wanda bai saya ba duk za su amfana, kuma idan mutum ɗaya ya yi feshi a tsakiyar gari zai kashe abin da kowa ya sa wa kuɗi. Dole ke nan mai gari da limami da shugaban manoma su zauna a yi magana ɗaya. A ganina wannan ne ya fi wuya a wajenmu, ya fi kiwon ƙwaron wuya, domin mun saba kowa ya shiga kasuwa ya sayi kwalbarsa ya fesa ranar da ya ga dama.

Mu a Kaduna mun ɗanɗana kuɗar dogaro da kwalba kaɗai a 2016, lokacin da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu, bayan an ƙiyasta kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir sun lalace. Duk wanda ya je cefane Kasuwar Bacci ko Kawo a lokacin ya san yadda kwando ya yi tashin gwauron zabi, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa a Kano ma sai da ya tsaya don babu abin sarrafawa. Ita ma wannan tsutsa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta fara shiga Sifaniya a 2006 ta tsallako Afirka. Tana shiga tsakanin fatar ganye biyu ta yi ta haƙa, ta huda 'ya'yan tumatir, kuma cikin wata guda ta kammala rayuwarta ta haifi wasu, shi ya sa take saurin sabawa da magani. Na san masu lambu a wajen Hunƙuyi da suka riƙa feshi duk bayan kwana biyu ko uku, tumatir ɗin da ya tsira kuma mu muka ci shi da abin da ke jikinsa. A kudancin Sifaniya, inda ake noman tumatir cikin rumfunan leda, abin da ya fi taimaka musu shi ne wani ɗan koren ƙwaro mai tsotse ƙwan tsutsar, wanda suke sakawa tun tumatir na wurin reno. Shi ma yana da nasa aibin, in ya rasa abin farauta yakan koma tsotsar tumatir ɗin, don haka sai da sa ido. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi kuma ta kawo wani zanzaro daga ƙasar Peru ta sake shi a Kenya a 2020 domin wannan tsutsa.

Ba ina cewa a jefar da injin feshi ba ne. Akwai ranar da ɓarna ke wuce abin da masu gadi za su iya, kuma wanda iyalinsa ke jiran abin da gona za ta bayar ba a ce masa ya zuba ido. Abin da na sauya shi ne, na daina feshi don na ga rami a ganye ko don maƙwabci ya yi. Sau biyu a mako nakan shiga gona in tsaya a wuri biyar dabam-dabam, in duba masara goma a kowane wuri, in ƙirga waɗanda ke da sabuwar ɓarna. Idan masarar tana ƙarama kuma waɗanda suka kamu ba su kai ɗaya cikin biyar ba, hannu da toka sun isa. Masara tana da juriya fiye da yadda muke zato, takan maye ganyen da aka ci, ruwan sama mai ƙarfi yakan kashe ƙananan tsutsotsi da yawa, manyan kuma suna cin junansu har ya zama da wuya ka samu fiye da ɗaya ko biyu a zuciya guda. In abin ya wuce haka, nakan fara da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana, in zuba shi kai tsaye cikin zuciyar waɗanda suka kamu kawai, da yamma lis lokacin da ƙudan zuma suka koma gida kuma tsutsar ta fara fitowa. Maganin kanti shi ne na ƙarshe, iri ɗaya, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Sauran aikin na ba masu gadi masauki ne da abinci. Na daina fesa maganin ciyawa a kan iyakar gona, na bar ciyayi masu fure su tsaya, na kuma jera riɗi da yakuwa da kuɓewa a gefe, domin ƙananan zanzaron nan idan babu ruwan fure kwanakinsu kaɗan ne. Na koma sa wake tsakanin layukan masara yadda iyayenmu ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, tsarin da aka daɗe ana yi masa kallon na da, alhali yana rikita ƙwaron da ke neman shuka ɗaya, yana kuma tara masu farauta. Na hana yara kashe kwaɗi da ƙadangaru a gonar, na daina ƙona kara da ciyawar gefe da rani, domin a nan da yawansu ke fakewa har ruwa ya sauka. Bishiyoyin da na tarar a gonar na bar su saboda tsuntsaye.

Waken ma yana da nasa labarin. Tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa ita ce ke sa wasu feshi sau shida ko fiye a damina, a zo wajen ajiya kuma a sake barbaɗa masa guba, har ta kai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda ragowar maganin da aka samu a jikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, shi muke dafawa a gidajenmu. Masanan IITA na Kwatano sun kawo zanzaro iri biyu daga Asiya masu kashe wannan tsutsa, sun sake su a Benin da Burkina Faso, cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru kuma ta fitar da irin wake mai jure mata, SAMPEA 20-T, a 2019. Hanyoyin biyu duk manufarsu ɗaya ce, a rage yawan feshi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne muna da duk abin da ake buƙata a jihar nan. Samaru tana binciken noma tun 1922, ga NAERLS mai aikin isar da ilimi ga manoma ita ma a Zariya, ga ɗaliban aikin gona da ke fitowa kowace shekara suna neman abin yi. Ina fata in ga ranar da matashi a Saminaka ko Giwa ko Soba zai buɗe ɗan ɗaki yana kiwon zanzaron da ke kashe ƙwan tsutsar masara, yana sayar wa ƙungiyar manoma a farkon damina, yadda matan Maraɗi ke yi da nasu. Masana sun riga sun tabbatar a 2019 cewa ɗaya daga cikin mafi ƙwazon waɗannan, Telenomus remus, yana nan a Nijar da Benin da wasu ƙasashen Afirka ba tare da an sake shi domin wannan tsutsa ba. Kafin a kai ga haka, ko hoton abokan manomi aka buga da bayani cikin Hausa da ajami aka manna a shagunan sayar da magani, aka kuma riƙa maganarsu a shirye-shiryen noma na rediyo, an rage kisan da ake musu bisa rashin sani.

A daminar bara na yi wani ɗan gwaji da wani malamin gona ya koya mini. Na yanko ganye takwas masu curin ƙwan tsutsa, na sa kowanne a kwalbarsa, na rufe baki da ƙyalle mai laushi na ɗaure da roba, na jera su a inuwa. Shida sun ƙyanƙyashe cikin kwana uku, na zuba musu ruwan zafi. Biyu kuwa suka yi baƙi ƙirin suka ƙi fashewa. A rana ta goma na ɗaga ɗaya na duba a hasken rana, sai ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu fiffike suna yawo a jikin gilashin, sun fi a ƙirga da ido. Na ɗauki kwalbar na tsallaka wajen dattijon nan, ya kare ta da tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Malam, waɗannan ko ni ban san da su ba." Muka shiga tsakiyar masararsa tare, ya kwance ƙyallen da hannunsa, ɗaya kwalbar kuma na kai ta tawa gonar na buɗe a gindin riɗi.